Kafin Ka Rataya Inji a Garejin Gida

Duk wanda ya saba bi ta garejojin ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari da Gagarawa, ya san inda ake rataya inji idan za a zare shi daga mota. Ko dai reshen darbejiya, ko bututu uku da aka haɗa kawunansu aka ɗaure, ko wani guntun ƙarfe da aka gitta tsakanin bango biyu. A nan ake saƙala sarƙar ɗaga kaya, wadda makanikai ke kira cen-bulok. Yaro ɗaya na jan sarƙa, inji na tashi, wani yaron na ƙarƙashi yana kwance noti. Haka muka taso muka gani, kuma galibi ana wanyewa lafiya. To amma aikin ya sauya. A da injin Fijo ne da na babur. Yanzu ga injin tarakta, ga injin niƙa mai shan dizal, ga janareta, ga famfon rijiyar burtsatse da ake zarowa da bututunsa, ga kuma manyan motocin da ke lodin shanu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Nauyi ya ƙaru, abin ratayar kuwa yana nan yadda yake.

Aikin ƙarfe na koyar a makarantar sana'a kafin na dawo gida, shi ya sa masu irin wannan tambaya kan biyo ni. Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke gyaran injin niƙa da tarakta, ya kafa rumfar kwano a gefen gidansa, ya zo ya same ni.

"Kawu, na sayo cen-bulok mai ɗaukar tan biyu. Saura ƙarfen da zan gitta a sama. An ce akwai wani a wajen 'yan gwangwan, mai kauri ne sosai."

Na ce masa, "Me za ka riƙa ɗagawa? Mita nawa ne tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi? A kan me ƙarfen zai zauna?"

Sai ya ce, "Haba Kawu, ai ƙarfe ne, zai ɗauka."

Wannan amsa ita ce ta sa ni rubutun nan. Lambar da aka rubuta a jikin cen-bulok tana magana ne a kan cen-bulok ɗin kaɗai. Kamfanin da ya ƙera shi bai ga rumfarka ba, bai san abin da za ka rataya shi a jiki ba. Idan ka saƙala mai tan biyu a ƙarfen da ba ya wuce kilo 400, to kilo 400 kake da shi, kuma ba abin da zai gaya maka hakan sai ranar da ya sauko.

Na ga irin wannan rana a wani gareji da ke kan hanyar Gumel. Bututu uku ne aka kafa a kan rairayi, aka ɗaga injin babbar mota. Da aka tura injin gefe don ya wuce bakin mota, sai ƙafa ɗaya ta zame. Injin ya faɗo a kan sawun wani yaron shago da bai kai shekara ashirin ba. Har yau da ɗingishi yake tafiya. Mutanen da suka taru suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin a nan ba ya wuce awo da ɗan lissafi.

A fara da nauyi. Injin ƙaramar mota yakan kai kilo 150 zuwa 200. Na tarakta yakan haura 300, idan kuma an haɗa da giya ya fi haka. Na babbar mota na iya kusantar tan ɗaya, wato kilo 1,000, nauyin buhun gero goma ke nan. Kada ka yi lissafi da abin da kake ɗagawa kullum, ka yi da mafi nauyin abin da wata rana za a kawo maka ka ji kunyar mayarwa. A kan wannan sai ka ɗora nauyin cen-bulok ɗin kansa, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda fizga. Kayan da ke rataye shiru daban, wanda aka fizga daban. Idan inji ya maƙale a mazauninsa yaro ya ci gaba da jan sarƙa, motar gaba ɗaya yake ƙoƙarin ɗagawa bai sani ba, kuma lokacin da injin ya ɓalle, ƙarfen sama ne ke shan bugun. Saboda haka mai son ɗaga tan ɗaya ya yi shirin kimanin kilo 1,300.

Sai tazara, wadda ita ce mutane suka fi rainawa. Maginan gargajiyarmu sun san wannan tun kafin a kawo ƙarfe ƙasar nan. Azarar giginya ba a shimfiɗa ta a tazarar da ta wuce kusan mita biyu. Idan ɗaki ya fi haka faɗi, sai magini ya kafa ginshiƙi a tsakiya ko ya ɗaura baka. Ba wai azarar ta sauya ba ne, nisan da ke tsakanin mazaunanta ne ya rage mata ƙarfi. Ƙarfe ma haka yake, sai dai shi an san lissafinsa daidai. Idan ka ninka tazara sau biyu, wahalar da ƙarfen ke sha a tsakiyarsa ta ninka sau biyu, amma lotsawarsa sau takwas take ninkawa. Ƙarfen da ya lotsa da milimita 3 a mita huɗu, a mita takwas zai lotsa da milimita 24 a ƙarƙashin kaya iri ɗaya. Don haka shawara mafi araha da zan ba kowa ita ce ya matso da ginshiƙansa. Mota ko tarakta na shiga tazarar mita uku da rabi zuwa huɗu a sake. Faɗin rumfa ba shi ne zai yanke maka tsawon ƙarfe ba.

Ƙarfen da ya dace da wannan aiki shi ne mai siffar harafin I na boko, wanda 'yan kasuwa ke kira ai-bim. Yana da leɓe a sama, leɓe a ƙasa, da siririn bango a tsakiya da ya haɗa su. Tun 1849 wani mai suna Alphonse Halbou, na wani kamfanin ƙasar Beljiyam, ya yi rajistar dabarar murza shi daga dunƙule ɗaya, kuma siffar ba ta tsufa ba saboda dalilinta a fili yake. Idan kaya ya rataya a tsakiya, saman ƙarfen matsewa yake yi, ƙasansa na miƙewa, tsakiyarsa kuwa kusan hutawa take. Sai aka kwashe naman ƙarfen daga inda ba ya aiki aka tara shi sama da ƙasa. Gwargwadon nisan leɓen sama da na ƙasa, gwargwadon ƙarfinsa. Ga misali daga teburin ƙarafan Turai: wanda ake kira IPE 100, mai tashin santimita 10, nauyinsa kilo 8.1 ne a kowace mita. IPE 200, mai tashin santimita 20, nauyinsa kilo 22.4. Nauyi bai ninka sau uku ba, amma taurinsa wajen ƙin lotsawa ya ninka fiye da sau goma sha ɗaya. Shi ya sa kalmar "mai kauri ne sosai" ba ta gamsar da ni. Dunƙulallen ƙarfe mai nauyin da sai mutum shida sun ɗauka na iya kasa abin da ai-bim mai rabin nauyinsa zai yi.

Daga nan ne kuma ake gane kuskuren kwantar da shi. Wasu kan kwantar da ai-bim a gefensa don ya zauna daram a kan bango. IPE 200 da aka kwantar ya rasa taurinsa fiye da sau goma sha uku. A tsaye ake sa shi, kullum.

To wane girma za a saya? A Ingila akwai ƙa'idar irin waɗannan ƙarafa na ɗaga kaya mai lamba BS 2853, wadda ta fara fita a 1957. Ta ce kada ƙarfen ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tazararsa. A mita huɗu, milimita 8 ke nan. Rataya tan ɗaya a tsakiyar IPE 140, zai lotsa da kusan milimita 12, ya faɗi jarrabawa. IPE 160 zai lotsa da 7 da ɗoriya, ya tsallake da ƙyar, kuma ni ba na son da ƙyar a abin da mutum zai tsaya kusa da shi. IPE 200 zai lotsa da milimita 3 da 'yan kai. Shi na ce wa ɗan yayata ya nema, na kuma ce ya rubuta tan ɗaya a jikinsa, ya manta da tan biyun da ke jikin cen-bulok. Da tazararsa ta kai mita shida, da IPE 240 zan ce, mai kilo 30.7 a mita.

Akwai wani haɗarin da lissafin lotsawa ba ya nunawa, kuma shi ya fi ban tsoro domin ba ya sallama. Tunda leɓen sama a matse yake, nema yake ya kauce gefe. Idan ƙarfen dogo ne siriri, ba abin da ya riƙe samansa, sai kawai ya murɗe ya kwanta, alhali ƙarfen kansa bai kai iyakarsa ba. Maganinsa uku ne: a ɗaure bakunan biyu yadda ba za su juya ba, a tokare leɓen sama daga gefe idan tazara ta yi tsawo, ko a sayi mai faffaɗan leɓe, wanda suke kira ec-bim. Wannan ne ya sa ba na son ƙarfe mai siffar kwata, mai leɓe a gefe ɗaya, idan shi kaɗai ne. Da ka rataya masa kaya yake fara murɗewa.

Yanzu a shiga kasuwa. Mu a nan sai an dangana da Kano, kimanin kilomita 120 daga Gumel, kuma Kofar Ruwa ce matattarar ƙarafa, sababbi da na hannu. Da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka sa hannu a kwangilarsa da Tarayyar Sobiyet a 1979, ya tsaya da ƙafarsa, da irin waɗannan ƙarafa na cikin abin da zai riƙa fitarwa. Na Katsina kuwa rodi da waya aka gina shi ya murza. Saboda haka yawancin ai-bim ɗin da ke kasuwanninmu daga waje yake zuwa, daga ƙasashe daban-daban, kowace da ma'auninta. Idan ɗan kasuwa ya ce maka "inci takwas ne", bai gama gaya maka komai ba. A cikin masu wannan tashi akwai mai kilo 18 a mita, akwai mai 22, akwai mai 25, akwai mai 30. A ido duk kusan ɗaya suke. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan ciniki kam sai an kawo mudun. Ka je da tef da ma'aunin kauri. IPE 200 na gaskiya faɗin leɓensa milimita 100 ne, kaurin leɓen 8.5, kaurin bangon tsakiya 5.6. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne sikeli. Guntu mai mita shida ya kamata ya kai kilo 134. Idan ya tsaya a 110, wani ƙarfen ne daban ake sayar maka da sunan wannan. Ka tambayi darajar ƙarfen ma. Wanda aka buga wa S275 yana nufin kowane milimita murabba'i na jure kimanin kilo 28 kafin ya yi lanƙwasar da ba ta komawa.

Ba na hana sayen na hannu. Ƙarfen da aka ciro daga tsohon sito, idan lafiyarsa ƙalau, zai yi aiki kamar sabo. Amma a duba shi da rana tsaka. A ja zare daga baki zuwa baki a ga ko a miƙe yake. A buga masa guduma a kankare tsatsa a auna abin da ya rage, musamman inda leɓe ya haɗu da bango, nan ruwa ke kwanciya. Wanda aka huda leɓensa da wutar gas, ko aka haɗa guntu biyu da walda a tsakiya, ko aka ciro shi daga ginin da ya yi gobara ya karkace aka miƙar da shi, a bar wa masu narkarwa.

Abu biyu ne nake roƙon a guje musu ko da kyauta aka bayar. Na farko ƙarfen titin jirgin ƙasa. Layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, kuma ba wanda bai san ana samun guntayensa a hannun mutane ba. Dukiyar gwamnati ce, mallakarsa na iya kai mutum gaban alƙali. Ko an ajiye batun doka, ba don wannan aiki aka yi shi ba. An yi shi ne ya kwanta a kan matokarai kusa da kusa, ga nauyi ga gajarta, kuma sinadarin gawayin da ke cikinsa ya yi yawa, walda ba ta kama shi da kyau, tsagewa yake yi a gefen ɗinkin. Na biyu shasin tsohuwar babbar mota. Ya sha shekaru yana girgiza a hanya, jikinsa duk huda ne, kuma akwai tsagar gajiya da ido ba ya gani.

Ƙarfe mai kyau a kan mazauni maras kyau asarar kuɗi ce. Bangon jar ƙasa ba ya ɗaukar wannan aiki, haka ma bulo mai rami na inci shida, domin nauyin a wuri ɗaya yake taruwa, ya murƙushe bakin bulon. Ka kuma tuna cewa idan kaya ya matsa ƙarshen ƙarfe, ginshiƙi ɗaya ne ke ɗauke da shi duka, ba rabi ba. A kafa ginshiƙan ƙarfe na musamman, kowanne da faranti a ƙasa da faranti a sama, a ɗaure su da noti a kan tushen kankare. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ce, tana zamewa, don haka ramin tushen ya yi faɗi ya yi zurfi, a kuma bar kankaren ya yi kwana 28 kafin a ɗora masa cikakken nauyi. A sa matokarai a karkace ta kowace fuska don kada ginin ya yi rangaji. Ai-bim ɗin ya zauna a kan ginshiƙi, ba a manna shi a gefe a bar walda kaɗai ta riƙe shi ba, balle waldar ƙaramin janareta da wutarsa ba ta narka ƙarfe har ciki. Kusoshin ɗauri su zama masu lamba 8.8 a kansu. Kada kuma a haɗa wannan gini da katakon rufin kwano, kowa da aikinsa.

Tsayi ma a lissafa shi tun ba a yanka ginshiƙi ba. Cen-bulok da abin da ya riƙe shi na cinye kusan rabin mita, sannan ga sarƙar da aka ɗaure injin da ita, ga tsayin injin, ga bakin motar da zai tsallake. Ƙasa da mita uku yakan zama takura.

Wurin rataya shi ne inda na fi ganin ganganci. Sai a lanƙwasa rodin gini a yi masa walda a ƙarƙashin ai-bim a ce an yi ƙugiya. Rodin gini ba ya son lanƙwasa da zafin walda a wuri ɗaya, karyewa yake yi farat ɗaya. Akwai 'yar kura mai tayoyi huɗu da ake sayarwa, tana gudu a kan leɓen ƙasa, ita ake rataya wa cen-bulok. Da ita za ka ɗaga inji ka tura shi gefe ka sauke a kan benci ba tare da ka ja shi a karkace ba. A tabbata faɗinta ya dace da leɓen, a kuma ɗaure matsayi a kowane ƙarshe don kada ta fice da kaya. Wanda bai da kuɗinta ya sayi maƙalin da ake ɗaurewa a leɓe da noti. Ja a karkace kuwa haramun ne a wannan sana'a. An lissafa ƙarfen ne a kan nauyin da ke sauka a miƙe. Jan mota da shi daga bakin ƙofa na iya kayar da ginin gaba ɗaya.

Idan an gama, a gwada kafin a fara aiki. Ƙa'idar da na ambata ta ce a gwada da nauyin da ya ɗara na aiki da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai tan ɗaya ya rataya kilo 1,250, wato buhun siminti 25. A ɗaga su kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa, kowa ya ja baya, a bar su minti goma. A auna tsakiyar ƙarfen kafin a ɗaga, da lokacin da kayan ke rataye, da bayan an sauke. Dole ya koma inda yake. Idan bai koma ba, ko ginshiƙi ya nutse, ko fenti ya tsage a bakin walda, ba a gama aiki ba. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa masana'antu su nuna iyakar nauyin kayan ɗagawarsu, su kuma sa a duba sarƙoƙi da ƙugiyoyi duk wata shida. Ba mai duba da zai zo rumfarka a Danzomo ko Jeke, don haka kai ne mai dubawar. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe, ko sarƙar da zobenta ya miƙe, a jefar, ba a gyara su da guduma.

Alƙaluman da na kawo na tan ɗaya ne a tazarar mita huɗu, da ƙarfe lafiyayye da ginshiƙai masu kyau. Wanda aikinsa ya wuce haka, ko yake son sa na'urar ɗagawa mai lantarki, ya kai zanensa wurin injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN. Akwai su a ma'aikatun ayyuka, akwai su a Jami'ar Bayero da ke Kano da kwalejojin fasaha na Kazaure da Dutse. Lissafin ba zai ci wa injiniyan awa ɗaya ba.

Roƙona ga iyayen gidan sana'a shi ne: yaran da ke shagunanku amana ce iyayensu suka kawo muku. Ku rubuta iyakar nauyi da fenti a jikin ƙarfen, da manyan lambobi, inda kowa zai gani. Ku kafa doka cewa ba mai sa kansa ko hannunsa ƙarƙashin inji yana rataye, sai an sauke shi a kan benci ko an tokare shi da katako. Duk yaron da ya karya dokar nan ku tsawata masa a gaban sauran, ku ma kuma kada su taɓa ganin kun karya ta.